Shinkafar da Baba Ya Ba Rago

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara aikin rediyo ba, ƙanwata ta iso gidanmu a Gwandu da bokitai cike da bayan wata ƙaramar bas. Shukar shinkafa ce a ciki, kowace a cikin taɓonta. Tana digiri na biyu a jami'a a Kalgo, an tafi dogon hutu, kuma ba ta yarda ta bar wa kowa ban-ruwansu ba.

Mahaifinmu manomin shinkafa ne tun kafin a haife mu. Ya zagaya bokitan, hannuwa a baya, ya ce, "Ɗiyata, fadama ta ƙare ne, da za a koma noma cikin bokiti?"

Ni na karɓi aikin bayani, tunda ni ne ɗan rediyo. Na gyara murya na ce masa cikin ganyen shinkafa da na dawa ba ɗaya ba ne. A ganyen dawa da masara jijiyoyi suna kusa da juna, kuma hakan na cikin abin da ya sa suka fi iya mai da hasken rana abinci, ko da zafi ya tsananta. A shinkafa kuwa akwai tazara tsakaninsu. Masu bincike suna neman ƙwayar gadon da ke tsara wannan tazara, ko wata rana a samu shinkafa mai ƙwazon dawa. Irin da ke cikin bokitan an jirkita gadonsa a ɗakin bincike, ita kuma ƙanwata tana yankar ganyen kowace tana dubawa a madubin ƙara girma.

Baba ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "To, an gama labaran duniya? Sai a sa muna waƙa."

A cikin shukokin duka, guda ɗaya ce jijiyoyinta suka matsu. A kanta karatun ƙanwata ya rataya: sai ta yi 'ya'ya, an shuka su, an ga ko sun gaji halin. Matsalar ita ce duk ta fi sauran muni. Gajeriya ce, ganyenta siriri, launinta ya koɗe. Ƙanwata ta ɗaura mata jan zare don kada ta ɓace mata a cikin 'yan'uwanta.

Wata safiya ta tafi Kalgo duba wasu ganyaye, ni ma na fita. Baba ya ga dama ta samu da zai taimaki 'yarsa. A fadama ba ya barin rarrauna ko baƙuwa a cikin shinkafa, tuge ta yake yi don kada ta ɓata masa iri. Da ya ga jan zaren, sai ya ɗauka ita ma ta ga aibin, ta yi alama, lokaci ne bai ba ta ba. Ya tuge shukar ya jefa wa ragon mahaifiyarmu. Don kada bokitin ya zauna a banza, har ya ɓallo reshe daga wadda ta fi kowace ƙarfi ya dasa a gurbin.

Bayan la'asar muka dawo kusan tare. Ƙanwata ta tsaya a kan bokitin ta daɗe.

"Baba, ina mai zaren?"

"Na hutar da ke. Kin ga wadda na sa miki? Wagga ita ce shinkafa."

Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Zama ta yi a ƙasa da mayafinta da jakarta, ta ce, "Ita kaɗai ce, Baba."

Ban taɓa ganin fuskar mahaifina haka ba. Ya dube ni, wai ko ina da bayani.

Mahaifiyata ce ta nufi turke. Ta ture ragon, ta tona cikin dusa da harawa, ta dawo da guntun kututture. Ganyen duk ya shige ciki, amma saiwar tana nan, da ɗan danshi saboda ta faɗa kusa da kwanon ruwa. Ta miƙa wa ƙanwata ta ce, "Ga saura. Ragon ma bai ga abin so a gindin ba."

Su biyu suka mayar da shi cikin taɓo, Baba na riƙe, ƙanwata tana danna ƙasa. Washegari ya yi masa rumfa da zana, ya mayar da ragon can bayan gida. Ya ɗauke tabarmarsa daga zaure ya dawo da ita gefen bokitin. Abokansa in sun zo sai su ce, "Malam, jinya ake yi?" Ya ce, "Awo, ta manya."

Kututturen ya daɗe bai nuna komai ba. Ƙanwata ta rage cin abinci, ta fara zancen sake aikin daga farko. Sai wata rana, da dawowar Baba daga sallar asuba, muka ji yana ƙwanƙwasa ƙofarta a hankali. "Ɗiyata, taho ki gani. Mummunar taki ta tashi." Ɗan tsiro ne kamar allura, siriri, koɗaɗɗe, sak uwarsa.

Shukar ta yi 'ya'ya kaɗan, amma sun isa. Ƙanwata ta kammala karatunta. Shinkafa mai ƙwazon dawa kuwa har yau ana nema, kuma ita da kanta takan ce aikin ya fi ƙarfin rayuwar mutum ɗaya.

Abin da ya zauna mini shi ne, duk dogon bayanin da na yi, ba shi ya sa Baba ya fahimci aikin 'yarsa ba, ganinta zaune a ƙasa ne. Bai bar tuge rarrauna a gonarsa ba, don manomi ne. Amma tun daga shekarar yakan sa guntun jan zare a aljihu in zai shiga fadama. In ya ga wata mai baƙuwar siffa, sai ya ɗaura mata, ya kira ƙanwata a waya ya ce, "Na samo miki wata mummunar. A tuge, ko ta malamai ce?"