Turken Shanun Nas

Ni bokona bai wuce aji biyu ba, shi ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Amma da autata ta gama koyon aikin jinya aka ɗauke ta a wani asibiti a Bici, sai na zama masanin albashi a majalisarmu. Duk wanda ya tambayi nawa ake biyan nas, sai in gyara hula in ce, "Kai dai bari. Wata guda, shanun huɗa."

Ba wanda ya gaya mini haka. Fararen kayan nan na gani kullum a goge, na ce mai irin wannan wanki ba ya rasa kuɗi.

Tun da rani na kafa turke a bayan rumbu, na tara harawa. Maƙwabcina, wanda shanunsa ke yi mini huɗa duk shekara, ya leƙo ta kan danga ya ce ko ya sa ni a layi bana? Na ce ya ba wani.

"To, Alhaji baban nas," in ji shi, "in naka sun iso a ara mana." Ni kuwa Alhajin, ko filin jirgi ban taɓa gani ba.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka, muka yi noma, gero ya tashi yana jiran huɗa. Albashi shiru. Gonar nan kuwa ita ce tuwonmu na shekara, in huɗa ta wuce lokaci sai dai mu ci kara.

Wata Juma'a yarinyar ta zo, ta durƙusa, ta ajiye albashin farko a gabana yadda aka saba, don a raba wa dangi da maƙwabta su sa albarka. Na ɗaga, na ji ba nauyi.

"Sauran yana banki?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Baba, shi ke nan fa. Ko wutsiyar sa ba zai saya ba."

Uwarta ta amsa daga madafi, "Ai sai ka ɗaure shi a turken, Malam, ga harawa nan."

Yarinyar ta ce farawa ce. Yana hawa da daɗewa a aiki, kuma in ta ƙara karatun ungozoma zai ƙara hawa. "Ka ba ni lokaci, Baba." Na ce ni na ba ta, gero ne dai ba ya jin magana.

Aka sayo goro da sukari aka ƙulla. Rabon maƙwabci ni aka ba in kai, don uwarta ta rantse ba mai kaiwa sai ni. Na same shi yana ba shanunsa dusa. Ya kwance ƙullin, ya dube ni, ya dubi hanya ta bayana.

"Su shanun suna tafe ne?"

"Suna karatun ungozoma," na ce.

Sai da ya zauna don dariya. Sannan ya ɗaga hannu ya sa wa yarinyar albarka, doguwa, har na ji idona ya yi ɗumi. Da safe na ji ƙarar garmarsa a gonata.

Har yau turken ban cire ba. Bara ɗan akuya yarinyar ta ɗaure mini a jiki. Bana maraƙi ne, ƙafafu kamar sillen kara, amma yana cin harawa kamar ya san aikin da ke jiransa.