Tumatirin Baffa Ba Ya Ciwo

Ina aji uku a jami'a, ina karatun kwamfuta, aka ɗauke ni horon bincike a wani ɗakin gwaje-gwaje a Kano. Aikinmu shi ne mu koya wa kwamfuta ta dubi hoton ganyen tumatir, ta faɗi ko lafiyarsa ƙalau ko tsutsa ta shige shi. Ita kuwa ba ta koyo sai an nuna mata hotuna birjik, na masu lafiya da na marasa lafiya.

Da Daktar da ke duba aikinmu ta ji cewa ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, sai ta ce ai an huta, ni zan je ɗauko hotunan. Ta ƙara da cewa in na'urar ta yi aiki, a hannunta zan yi binciken kammala digiri. Wannan gurbin kuwa ina sonsa kamar me. Abokaina suka zauna cikin sanyin ofis, ni kuma ilimin zamani ya maido ni gonar da na shiga boko don in tsere mata.

Baffa, ƙanen mahaifina, na tarar yana ban-ruwa, wando a naɗe. Na yi masa bayani.

"Marar lafiya kake nema, Injiniya? A gonata?"

"Baffa, ganye kawai zan ɗauka a waya."

"Ka kai wa wa? Gobe dillalai su gani, su ce kwandona daga asibiti ya fito."

Ya ja ni fangalin da ya fi kowane kyau, har yana goge ganyen da hannun riga kafin in ɗauka. Haka na sha a kowace gona. A ba ni ruwa, a tambayi mutanen birni, a kai ni inda ake kai baƙo.

Na koma Kano, muka ɗura wa kwamfuta hotunan, ta kwana tana nazari. Aka nuna mata ganyen da tsutsa ta mai da shi rariya, ta ce lafiya. Wani abokina ya ɗauki hoton takalminsa, ta ce lafiya.

"Ka haɗa mana Bakanuwa," in ji Dakta. "Ko a gadon asibiti ka gaishe ta, lafiya lau za ta ce maka. Ka koma. In ka sake dawo min da gaisuwa, wani zan ba gurbin."

Na koma ƙauye. Muna zaune da Baffa a bakin kanal ɗin ban-ruwa, cikin hira sai na tambaye shi gonar maƙwabcinsa.

Ya girgiza kai. "Wannan? Allah dai ya kyauta. Tsutsa ta cinye shi. Ni ba na son maganar mutane, amma taso ka gani."

Muka tsaya a kan iyaka. Shi da kansa ya riƙe min ganyen, yana nuna min inda haske ya fi kyau.

Washegari na gaida maƙwabcin, na tambaye shi gonar Baffa. Shi ma ba ya son maganar mutane. Ya zagaya da ni bayan masarar da Baffa ya shuka a gefe, inda ban taɓa sanin akwai tumatir ba. Kafin mako ya ƙare, babu manomin da bai taimaka wa kimiyya da gonar ɗan'uwansa ba.

Na'ura ta yi aiki, Dakta ta ba ni gurbin. A gabatarwar ƙarshe na yaba da haɗin kan manoman yankinmu, aka tafa.

Har yau Baffa yana faɗa a majalisa cewa da tumatirinsa aka koya wa kwamfuta yadda lafiya take. Maƙwabcin nasa yana zaune a gefe, yana gyaɗa kai, ya ce wallahi har ma fiye da haka.