Bidiyon Malam Sabo Goma Sha Ɗaya

Har yau ban manta da ranar Talatar da murfin tukunya ya fara ƙwal-ƙwal a kicin ba, ina zaune a falo ina buga takardun shahada na ɗaliban Islamiyyarmu. Saura kwana huɗu walimar sauka. Na tashi na rage wuta, na juya wake, kafin na dawo an ɗauke lantarki. Batirin kwamfutar dama ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo bayan la'asar na kunna, babu ko suna ɗaya cikin abin da na buga tun safe. Sai wani saƙo a kusurwa: wurin ajiya ya cika.

Bari in yi wa sababbin malamai bayani. Ni ba ma'aikaciyar ofis ba ce. Ina gidan mijina a nan Dutse, kuma da yake na koyi bugun rubutu a sakandare, sai makaranta ta ba ni kwamfutarta in riƙa yin aikin a gida. Ƙarama ce, ma'ajiyarta irin wadda ake kira SSD, gig ɗari da ashirin da takwas. Tana da sauri, amma cikinta kaɗan ne, kuma kusan rabi manhajojinta sun cinye. In ta cika maƙil sai ta yi nauyi, ta ƙi karɓar ko wasiƙa.

Kowace shahada tana ɗauke da suna, da izun da ɗalibi ya kai, da hotonsa. Ɗalibai arba'in da biyu ne, har da 'yata Hafsa. An ɗauki hotunan kafin hutu, yanzu kuwa yara sun watse, wasu suna Kiyawa, wasu Ringim wurin kakanni, sai ranar Asabar za a ga idonsu.

Na kira Malam Sabo, sakataren makaranta, wanda ya ƙara wa kansa muƙamin daraktan na'ura ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ya zo ranar Laraba da hantsi, da babbar riga da jakar da ban taɓa ganin ya buɗe ba. Maigidana ya shigo da shi falo, Hafsa ta kawo ruwa ta zauna gefena, don ita ma shahadarta take jira.

Kafin ya zo na jera fayiloli daga babba zuwa ƙarami, na ga ɓarawon. Bidiyon jawabinsa ne na walimar bara, awa ɗaya da rabi. Duk wanda ya turo masa sai ya zuba a kwamfutar makaranta da sabon suna. Jawabi. Jawabi sabo. Jawabi na gaske. Na ƙirga goma sha ɗaya, duk abu ɗaya, har tarin da ya yi a tsakiya.

Na ce, "Malam, in muka bar ɗaya muka goge goma, an gama."

Ya ja baya kamar na miƙo masa garwashi. "Subhanallahi, Maman Hafsa! Da basmala fa na buɗe. Aya bakwai na jawo a ciki. Ki duba inda abin da aka goge yake tafiya." Ya nuna ɗan hoton kwandon shara da ke fuskar kwamfutar. "Sunan Allah za ki jefa a bola?"

Wallahi maganar ta shige ni. A gidanmu ko guntun takarda muka tsinta da rubutun Larabci, ɗagawa muke mu soke a bango.

Ya ce in ba shi wuri, wannan aikin masana ne. Na shiga kicin in zuba masa abinci. Da na fito ya riga ya tura kwamfutar gefe yana gyara hula.

"Na rage mata kaya. Hotunan nan na yara na kwashe. Hoto dai ba aya ba ne."

Na ajiye faranti. Na ce, "Malam, hotunan shahada?"

"A sake ɗauka mana."

Hafsa ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Shi kuwa daraktanmu ya cinye wake da shinkafa tas, ya yi hamdala, ya ɗauki jakarsa.

Na zauna na jawo kwamfutar. Wurin ajiya yana nan a cike, ko ƙwayar gero bai ragu ba. A nan na gane bawan Allah bai ma san cewa abin da aka jefa kwandon yana nan zaune, yana cin wuri, sai an zazzage shi. Na buɗe, ga yarana arba'in da biyu reras. Na mayar da su, na kwafe a filashin maigidana, sannan na yi sujada. Rashin saninsa ne ya cece mu, kuma ko da ya zazzage, wuri ba zai samu ba, don duka hotunan ba su kai minti biyu na jawabinsa nauyi ba.

Amma maganar basmala ta tsaya min a rai. Bayan azahar na sa hijabi na hau adaidaita zuwa gidan Baba Malam, dattijon da ya kafa makarantar. Na durƙusa na zayyana masa.

Ya ce, "In an goge, rubutun ina yake zuba? Akwai ƙazanta a wurin?"

"Allah ya gafarta Malam, babu. Kwandon zane ne kawai. Rubutun ɓacewa yake."

"To, 'yata, tun ba a haifi Sabo ba nake sa yara wanke allo don a rubuta na gaba. Ki bar ɗaya, ki wanke sauran." Sai ya ƙara da cewa, "Ɗayan ma, wanda ya zauna ya ji shi bara ya san ya isa."

Na dawo na goge goma, na zazzage kwandon, na mayar da na ƙarshen kan filashi. Kwamfuta ta yi numfashi. Ranar Alhamis na sake buga sunayen, Juma'a da safe maigidana ya kai shago aka fitar da takardun.

Don haka ku da za ku karɓi wannan aiki, bidiyo ba a cikin kwamfutar yake kwana ba, ku kai shi filashi. Duk wata ku jera fayiloli ku ga wane ne ya fi ƙiba. Kada ku bari ta cika har wuya. Sannan ku lura da mai tsoron Allahn da tsoronsa bai taɓa faɗawa kan kayansa ba.

Ranar Asabar Malam Sabo ya riƙe lasifika ya shaida wa iyaye irin wahalar da sashen na'ura ya sha kafin takardun shahada su fito. Hafsa tana kusa da ni, ta rungume tata a ƙirji. Ta jawo gefen hijabina ta ce a hankali, "Umma, shi da yake tsoron goge ayar da ke cikin bidiyo, mu da muka haddace ta bai ji tsoron goge mu ba?"