Ƙusurwa ta Huɗu

Shekaruna sun yi nisa, abubuwa da yawa sun kuɓuce mini, amma ranar da na dawo gida na tarar an rabar da teku a zangon Bawku, ita kam tana nan daram a raina.

A Salaga aka haife ni, na yi karatu a hannun 'yan mishan a Yendi, inda suka hore mu da cewa aikin da ba za a gama shi daidai ba, kada a soma shi. Lokacin yaƙin Turawa na biyu aka tura ni Bawku koyarwa, na sauka a gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, mai sayar da goro. Wata rana tsohon malamina na Yendi ya aiko mini da akwati ta hannun wani direba. A ciki akwai hoton jirgin ruwa a kan teku, an manna shi a siririn katako, an yayyanka shi gutsi-gutsi, domin a zauna a haɗa har hoton ya fito. Ɗalibaina ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce rafi ba, na ƙudura sai sun ga teku da hannunsu.

Ina makaranta akwatin ya iso. Gwaggo ta buɗe, ta ga 'yan katakai masu launi, ta ce ai tsaraba ce, kuma tsaraba ba a cin ta a ɓoye. Ta bi gidajen maƙwabta da faifai tana damƙa wa kowace uwa, a ba yara su yi wasa. Da na dawo, abin da ya rage bai rufe gindin akwatin ba.

Na ce, "Gwaggo, wannan abu guda ne. In gutsure ɗaya ya ɓace, duka ya lalace."

Ta ce, "To ya lalace. Ni ban taɓa ba da kyauta na koma na ce a maido ba. In ka taka ƙofar mutane kana karɓar abin da na bayar, ka nemi mai ba ka tuwo."

Na san ba wasa take yi ba, kuma ba ni da kowa a garin sai ita. Duk da haka washegari na sa farar rigata, na ɗauki akwatin, na fita. Shugaban makarantarmu ya ce in haɗa abin da ya saura kawai, yara ba za su lura ba. Na ce masa ni zan lura.

A kowane zaure magana ɗaya nake yi: kyautar Gwaggo tana nan, ba karɓa na zo yi ba, aro na zo. Mai gutsure ya kawo shi makaranta, in hoto ya kammala ya ɗauki abinsa. Wani mahauci ya yi dariya ya ce, "Malam, duk karatun nan a kan tsintar katako ya ƙare?" Wata mata Bakusashiya, 'yar ƙabilar yankin, ta ce da irin Hausarta, "Tsohuwa ne ya ba ni, ba kai ba." Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, ban tashi ba sai da ta ciro nata daga cikin tukunya. Wani ma a wuyan jariri na same shi, an ɗinke shi da fata.

Duk tsawon kwanakin nan Gwaggo ba ta amsa gaisuwata, koko da ƙosai na kasuwa su ne abincina. Ban ba da haƙuri ba, domin ban yi laifi ba.

Ranar da muka shimfiɗa tabarma a aji, iyaye mata suka cika tagogi, kowace tana gadin kayanta. Na sa yara suka juya kowane gutsure fuska sama, suka ware masu miƙaƙƙen gefe, shuɗi gefe guda, fari gefe guda. Ƙusurwa uku suka fito. Ta huɗu babu. Yara suka ce mu fara haka nan. Na naɗe hannu na ce ba za a haɗa ko ɗaya ba.

Muna nan zaune har inuwa ta juya, sai ga Gwaggo ta ratso mutane. Ta kwance haɓar zanenta, ga ƙusurwar nan tare da ɓarin goro.

Ta ce, "Ni ba na ba da aro. Da hannuna zan sa."

Ta sunkuya ta ajiye. Na duba, na ce, "Gwaggo, kin juya shi."

Ta harare ni, ta gyara, ta ce, "Taurin kan ubanka ne, ba wani boko ba. In ka gama, miya tana hucewa."

Daga nan muka fara. Abin da na koya, kuma har yau ban sassauta ba, shi ne: kada kunyar mutane ta sa ka soma aiki a kan giɓi. Wanda ya yi fushi da kai saboda gaskiyar aiki zai huce, amma giɓin ba ya cike kansa.