Wa Ya Fara Ba Batir Ruwan Sama

Ni bokona aji biyu ne, na biyun ma ta taga na fita. Amma in maganar batirin mota ce, duk Bauchi mutum ɗaya ne ke ja da ni, shi ma don ba shi da kunya ne.

Lokacin da muka fara sana'ar akwai sauran manyan motocin da ake tayarwa da hannu. A zura ƙarfe ta gaba a murɗa, in ta ga dama ta tashi, in ta ga dama ta karya maka hannu. Batir kuwa ba irin na yanzu ba ne da ke zuwa a rufe ruf. Murafe gare shi, yana shan ruwa kamar raƙumi, ruwan kuma na kwalba ne da ake kawowa daga Jos. Ka ba shi na rijiya, ka yi masa jana'iza.

Shagon a zauren gidana yake, ni da abokina, wani Kirista mutumin Bogoro. Tare ruwan batir ya cinye mana riguna. A zauren nan aka fara ba batir ruwan sama, wanda aka tara a roba a fili, ba wanda ya biyo kwanon rufi ba. Daga wurinmu sauran suka koya.

Bara ƙungiyarmu ta masu batir ta kama ofis kusa da kasuwar Muda Lawal, aka ce za a rataye hoton wanda ya ƙago dabarar. Hoto ɗaya tak. Na ari babbar riga na je aka ɗauke ni. Ashe abokina ma ya ɗauka, har da kwat.

Ranar taro shugaba ya so ya sasanta mu. Ya ce ko Turawa haka abin yake: wani Bafaranshe ya fara haɗa darma da asid ya yi batir, wani ya gyara farantan, can wani Ba'amurke ya kawo sitata, kowa da rabonsa.

"Ranka ya daɗe, su bangonsu da faɗi," na ce. "Mu ƙusa ɗaya gare mu."

"Kai da ko murfin batir sai na kwance maka?" in ji abokina.

"Kai da ka taɓa ɗanɗana asid ka ce gishiri bai ji ba?"

Aka ce a kawo shaida. Na ce maiɗakina. Shi ma ya ce ita. Na yi dariya a raina, don ni nake cefane.

Ta zo ta zauna, ta gyara mayafi.

"Matarmu, faɗi tsakaninki da Allah," in ji abokina.

"Ranar ruwan kwalba ya ƙare," ta ce. "Direban hatsi na tsaye yana jiran batirinsa, ku kuna musun wa ya ƙarar. Tun hantsi har azahar. Ni kuwa na tara ruwan sama zan wanke kai, don na rijiyarmu ba ya kumfa. Da surutu ya ishe ni, na miƙo robar ta labule na ce ku zuba masa ku ba ni lafiya."

"To ai ni na karɓa, Hajiya!" na ce.

"Ka karɓa, Malam. Ka ce in batirin ya mutu, shi ya zuba."

Ofis ya kwashe da dariya, har shugaba na share hawaye da hula.

Hotonta ne yanzu a bangon, tana hararar duk mai shigowa. Nawa yana ƙarƙashin katifa, mai babbar rigar kuma har yau yana tambayata wace sarauta aka ba ni.

Ƙusar dai ni na buga ta. Abokina yana yawo a gari yana cewa shi ne, wai ni guduma kawai na miƙo.