Kawo-shi Ya Ajiye Alƙalami

Kafin mai shara ta gama goge barandar asibitin unguwa, shi ya riga ya iso. Zai rataye hularsa a ƙusar bayan ƙofa, ya wanke hannu, sannan ya jawo kujerar marar lafiya kusa da tasa. Mai shara kullum sai ta mayar da kujerar jikin bango, shi kuma kullum sai ya dawo da ita. Shekara da shekaru suna wannan ja-in-ja, ba wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa uffan. Alƙalami shi ne abu na ƙarshe da yake zarowa daga aljihu. Sai ya ga mutum, ya taɓa jikinsa, ya saurari ƙirjinsa, ya sha masa kai da tambayoyi, sannan alƙalami ya fito.

Likitan iyali ne, irin wanda ya san ka tun kana goye, ya san hawan jinin babanka da ciwon ƙafar kakarka. Amma tambayi sunansa na yanka a unguwa ka ga kame-kame. Ka ce Kawo-shi kuwa, kowa zai nuna maka ƙofarsa.

Mu muka laƙaba masa sunan, kuma wallahi ba don yabo ba. Ai an san halinmu. Mutum na kwance a gida, sai a tashi mai ƙafa a ce je ka gaya wa likita ciki ne ke murɗawa, ya rubuto magani. Shi kuma amsarsa ɗaya ce: kawo shi in gan shi. Ba shi ya ƙirƙiro ba, dokar aikinsu ce. Likita ba ya rubuta magani ga wanda bai duba ba. Ƙwayoyi masu ƙarfi kaɗan ake bayarwa, a dawo a sake dubawa. Ko bel ɗin baya ne, ko sandar dogarawa, ko na'urar ji, sai an gwada mai ita. Sannan likita ba ya rubuta wa kansa ko na jikinsa, sai dai ya miƙa su ga wani likitan. Mun san akwai masu kau da kai idan an marairaice musu. Shi kam ko birgima za ka yi a ƙasa, sai dai ya taya ka kakkaɓe riga ya ce kawo shi.

Matar tela ba ta manta ba. Ta zo karɓar maganin tari, ta ce maigidan ɗinkin mutane ya yi masa yawa, ba zai iya tasowa ba. Ya ce kawo shi. Ta fita tana mita, tana cewa wannan likita taurin kansa ya fi na jaki. Da ta taso mijin a gaba washegari, sai ga shi ba tari ba ne, zuciya ce ta kumbura har ruwa ya taru a huhu. Tela yana nan da ransa, har yau yana saɓa wa mutane alkawarin ɗinki. Akwai kuma direban babbar mota da ya nemi ƙwayar ciwon baya mai ƙarfi, wadda za ta ishe shi doguwar tafiya. Aka rubuta masa 'yar kaɗan. Nas ta ce direban ya buga tebur har kofin alƙaluma ya faɗi. Yanzu shi da bakinsa yake faɗa a tasha cewa abokansa da suka samu yadda suke so a wani wuri, wasunsu ba sa iya riƙe sitiyari sai sun haɗiya.

Kawo-shi, kai ne mai hana mu abin da muke so don mu kwana lafiya. Mun zage ka a bayan ido, ka ji, ba ka fasa ba.

Sai dai akwai mutum ɗaya da wannan doka ta raba shi da ita, kuma ita ce wadda ya fi ƙauna a duniya. Yayarsa ce. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta tsaya tsayin daka har ya zama likita, kuma ita kaɗai ke kiransa Auta. Da shekaru suka fara ja, gwiwoyinta suka kama ciwo. Ta ga maƙwabciyarta na shan wata ƙwaya tana miƙewa garau, sai ta aiko 'yarta ta ce Auta ya rubuto mata irinta. Ranar benci cike yake da masu jira. Ya ce wa 'yar ta gaya wa Yaya ba shi da ikon rubuta mata, ta zo abokin aikinsa ya duba ta. Ya kira na gaba.

'Yar ta kai saƙo yadda aka ba ta. Yaya ta ce, "Ni zan je in zauna a benci in jira a kira ni, a gaban wanda na wanke wa kashi? Ki ce masa na gode."

Ya ɗauka fushin kwana biyu ne, za ta huce. Yana zuwa gaishe ta kamar yadda ya saba, ta sa a kawo masa ruwa, ta tambayi iyali. In ya taɓo zancen gwiwa sai ta ce da sauƙi, ta kawo wata hira. Abu ɗaya ne ya sauya: ta daina ce masa Auta. Likita take ce masa, kamar kowa. Abin na ci masa rai, amma ya ga tana tafiya ba ɗingishi, sai ya kama bakinsa. Bai san a kemis ake sayo mata ƙwayar ba takarda ba, tana sha safe da yamma, shekara na bin shekara. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida ya ga tarin fankon kwalayen a ƙarƙashin katifarta. A babban asibiti aka ce ƙodojin sun gaji. Tun daga nan take kan wankin ƙoda.

Wasu suka ce ga irin ta nan, da ya rubuta mata da kansa ai da ya sa ido. Bai yi musu da kowa ba. Nas ɗin da ta fi kowa daɗewa tare da shi ce kaɗai ta ji abin da ke ransa. Ya ce mata ko yau aka dawo da ranar ba zai rubuta ba, a nan bai yi kuskure ba. Abin da ke hana shi sakewa daban ne.

"Doka ta hana ni rubutawa," in ji shi, "ba ta hana ni tafiya ba."

Ga mota a ƙofar asibiti, ga gidan Yaya ba nisa. Da ya tashi aiki ya je ya durƙusa ya lallashe ta, ya ɗauko ta da kansa, ko ya kai mata abokin aikin har ɗaki, da magana ta ƙare. Sai ya aika mata saƙo ta bakin 'yar cikinta, kamar wata baƙuwa. Shi da ke ce wa duk duniya kawo shi, bai kawo tasa ba. Wannan nadama ita ya yi ta ɗauka yana zuwa aiki da ita.

Mu kuwa muka ci ribar baƙin cikinsa ba mu sani ba. Bai daina cewa kawo shi ba, amma ya ƙara wata a kai: in ba zai kawu ba, ina zuwa. Da an rufe asibiti sai ka gan shi da 'yar jakarsa yana bin lunguna. Shi ya je har gida ya gwada wa tsohon kafinta sandar da ta dace da tsayinsa, bayan ya same shi yana dogara ta maƙwabci wadda ta kusa karkatar masa da kafaɗa. Shi ya zauna bakin gadon tsofaffin da girman kai ko kunya ta hana su zuwa, ya sha faɗansu, ya duba su, sannan ya rubuta. Kai ne ka gane cewa wanda ya ƙi zuwa ma marar lafiya ne.

Yaya kuwa, sau nawa ya je da niyyar neman gafara, ya ɓige da wata hirar? Sai ya ce wani zuwan. Ana wani zuwan, ana wani zuwan, har tsufa ya toshe mata kunne.

Makon jiya ya yi ritaya. An ɗan taru a baranda, sabuwar likitar da ta gaje shi na ta kai da kawo, sai ga 'yar Yaya ta turo ta a keken marasa lafiya. Ba ta taɓa taka asibitin nan ba sai ranar. Ta ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa.

"To ga ni, an kawo ni. Kunnen ne."

Ya durƙusa a gabanta, da farar rigarsa, a gaban kowa. Ya ce, "Yaya, ki yafe mini. Ni ya kamata in je in ɗauko ki tun wancan lokaci."

Ta ƙura wa bakinsa ido, sannan ta juya wajen 'yarta. "Me ya ce? Ba zai rubuta ba ko?"

Wasu suka fara dariya, dariyar ta maƙale. Ya miƙe, ya karɓi keken daga hannun 'yar, ya tura ta da kansa zuwa ɗakin sabuwar likita. A bakin ƙofa taya ta ci karo da dokin ƙofa, keken ya girgiza. Yaya ta riƙe hannun kujera ta ce, "A hankali mana, Auta." Ba ta ma san ta faɗa ba. Nas ta ce sai da ya tsaya ya goge ido kafin ya iya shiga.

Sabuwar likita ta duba ta, ta tura ta gwajin kunne, ta rubuta na'urar ji. Sai an auna, an haɗa, sannan ta iso. Yanzu kullum da safe, lokacin da ya saba jawo kujerar marar lafiya, a ɗakin Yaya yake jawo tasa kusa da gadonta.

Mun gode, Kawo-shi. Mun gode da duk takardar da ka ƙi rubutawa, da duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa. Ku masu farar riga da ke tasowa, ku riƙe dokar nan yadda ya riƙe ta, amma in kun ce a'a, ku bi a'ar da ƙafa. Mu kuma mu daina aike, mu kai namu. Shi dai abu ɗaya ya rage masa: maganar da ya faɗa a baranda, har yanzu mai ita ba ta ji ba. Allah ya kawo na'urar nan Yaya na da rai.