Baffa Jalo, Wanda Ya Cire Takalminsa a Majalisa

Kun taɓa ganin babba ya cire takalminsa don kada a yi wa ƙarami dariya shi kaɗai? Ni na gani. Baffa Jalo ne, direban bas na Ƙofar Ran a Bauchi, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar Talata, sha biyu ga watan Rajab. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baffa, ni ne Ɗanlarai. Ka san ban yi nisa a karatu ba, a yi haƙuri da rubutuna.

Da na zo daga ƙauyenmu Zungur ban san kowa a Bauchi ba, kai ka ce in riƙa kwana a zaurenka. Ran da ka ɗauki 'yan makaranta zuwa Abuja kallon ginin Majalisar Tarayya, ka ce, "Shigo mu je, ƙauyanci ma yana son yawo."

Gini ne fari fes, da ƙubba koriya a bisa, sai da wuyana ya gaji da kallo. Ni duk inda na ga ƙubba koriya masallaci ne. Sai na cire silifas ɗina, na tambayi mai gadi ina ake alwala. Yaran nan suka yi ta dariya. Sai ka sunkuya ka cire naka, ka riƙe a hannu. Haka muka shiga, daɓe santsi da sanyi kamar randa, har ɗakin jajayen kujeru da na koraye.

Na ce, "Baffa, ina liman yake tsayawa?"

Ka ce, "Nan kowa liman ne, shi ya sa ba a gama salla da wuri."

Yanzu zaure cike yake da masu gaisuwa, amma ba wanda ya san sunana. Jiya na ga wani abu a kasuwar Wunti ban gane shi ba, na juyo in tambaye ka. Ban sani ba ko zan iya garin nan babu kai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Iyalinka, Goggo A'i da yara, Allah ya ba ku haƙuri.

Zan tafi yanzu. Motar Zungur ta kusa cika, kuma har yanzu ban san ko in shiga ba.